Jitata mai kogo tana kuwwa a dandamali: in sayar ko in riƙe?

Mai Kogo: Assalamu alaikum 'yan zaure. Wasunku sun san shekara shida ke nan ina tara kuɗi saboda jita ɗaya. To Allah ya nufa, wata biyu da suka wuce ta shigo hannuna. Mai kogo ce gaba ɗaya, babu gungumen katako a tsakiyarta. Faɗinta inci 17, fuskarta katakon sufurus ne da aka sassaƙa da hannu, baya da gefe kuma mepul. Fikof, wato maganaɗisun da ke ɗaukar motsin tsirkiya ya tura shi waya, ɗaya ne tal a gindin wuya, shi ma ba a huda fuskar an dasa shi ba, a jikin garkuwa yake maƙale, wato ɗan faifan da ke kare fuskar daga karce.

Ranar da na buɗe akwatinta ban ma jona ta da amf, wato na'urar ƙara sauti, ba. Na ɗora ta a cinya na danna kod ɗaya, sai na ji sautin yana ratsa haƙarƙarina kafin ya iso kunnena. Na kai ƙarfe biyu na dare ina zaune da ita. Shekara goma sha ɗaya ina kaɗa jita, ban taɓa jin abu yana numfashi a jikina haka ba.

Matsalar ta faro ne ranar da na fita da ita wasa. Babban zaure ne, ga mai ganguna, ga bes, ga mai kibod. Muna shiga kiɗa na biyu na ƙara murya kaɗan don in ji kaina, sai jitar ta fara wani irin gurnani daga ƙasa, wuuu, yana ta kumbura. Da na taɓa tsirkiya ta biyar wajen firet na uku zuwa na biyar, wato 'yan ƙarafan da ke jere a wuyan jita, sai abin ya ɓarke. Haka na ƙarasa daren tafin hannuna yana kan tsirkiyoyi ina danne su, ban iya sakewa ko na minti ɗaya ba. Tun daga ranar tana cikin akwati, na koma kan tsohuwata ta gungume.

Don Allah ku faɗa mini gaskiya. Kuskure na yi? In sayar da ita tun ba ta samu tabo ba, ko akwai abin da ban sani ba?

Uwar Tsirkiya: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka, ƙanena. Kada ka yi saurin yanke hukunci a kan dare ɗaya. Ina amf ɗinka yake a lokacin, kuma ina na mai bes?

Mai Kogo: Amin Yaya. Nawa yana bayana daidai, a ƙasa, bai kai taku biyu ba. Na mai bes yana hannun damana.

Ɗan Gungume: Ni dai ba zan ɓoye maka ba, ɗan'uwa, sayar da ita. Wannan kuwwar da kake kuka da ita, ita ce dalilin da ya sa aka ƙirƙiro jitar gungume tun farko. Les Paul ya ɗauki guntun katako ya ɗaura masa wuya da fikof tun wajen 1940 saboda ya gaji da ita. Kamfanin Fender ya fito da tasa a 1950, kamfanin Gibson ya biyo baya da jitar da ya sa wa sunan Les Paul a 1952. A 1958 kuma Gibson da kansa ya cusa gungumen mepul a tsakiyar ES-335, don ya san kogo zalla ba ya jure ƙara. An warware matsalar nan shekara saba'in da suka wuce, kai kuma ka je ka sayo ta da tsada.

Kuma in don muryar jaz ce, ka je ka saurari Ed Bickert na Kanada. Telecaster yake riƙewa, katako dunƙulalle, amma in ka rufe ido za ka rantse babbar mai kogo ce. Maganaɗisu ba ya jin katako, ƙarfen tsirkiya kawai yake ji. Da zarar ka jona waya, sassaƙar da ka biya wa kuɗi ta zama ado.

Dattijon Jaz: Ɗan Gungume, tarihin da ka kawo daidai ne, amma hukuncin da ka ɗora a kai ya yi nauyi. Bari in yi wa yaron nan bayani yadda zai gane abin da ke hannunsa.

Ɗana, jita mai kogo ba iri ɗaya ba ce, kuma wanda ya haɗa su a kwando ɗaya zai sha wahala. Akwai wadda aka sassaƙa fuskarta daga katako guda, kamar yadda ake yi wa biyolin. Uwarsu ita ce L-5 ta Gibson, wadda Lloyd Loar ya tsara a farkon shekarun 1920, mai ramuka biyu masu siffar harafin f. A lokacin ko fikof babu. An yi ta ne don ta yi ƙara da kanta, daga baya kuma aka buƙaci ta ratsa ƙahonni da ganguna a babbar ƙungiya. Shi ya sa aka yi ta faɗaɗa jikin, daga inci 16 zuwa 17, har Super 400 ta zo da inci 18. Fikof daga baya ya shigo. ES-150 ta fito a 1936, Charlie Christian ya ɗauke ta ya nuna wa duniya cewa jita ma za ta iya tsayawa gaba ta yi magana kamar mai busa. Ya rasu a 1942 yana da shekara 25 kacal, amma har yau da sunansa ake kiran fikof ɗin wannan jita.

Sai kuma iri na biyu, wadda fuskarta falle-falle ne na katako aka manne aka matse a injin har ta lanƙwasa. ES-175 ke nan, ta 1949, kuma farashinta na dala 175 ne ya zama sunanta. Mutane suna raina irin wannan suna cewa ai filawud ne. To ita Joe Pass ya riƙe shekaru, ita Jim Hall ya riƙe, ita Pat Metheny ya zaga duniya da ita. Fuskarta ba ta rawa sosai, don haka ba ta saurin kuwwa. In ka kaɗa ta ba waya ba za ta burge ka ba, amma a dandamali ta fi haƙuri.

Taka kuwa ita ce mafi saurin ji a cikinsu duka: fuska sassaƙaƙƙiya, faɗin inci 17, kuma ba a huda ta an ɗora mata nauyin fikof ba. An bar ta ne ta yi rawa yadda take so. Abin da ya girgiza maka haƙarƙari a ɗaki, shi ne ya yi maka gurnani a zaure. Ba abu biyu ba ne. Iskar da sifika ke turowa ta bugi fuskar, fuskar ta motsa jaki, wato ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa a kai, jaki ya motsa tsirkiya, fikof ya ɗauka ya mayar wa sifika, sai a yi ta zagaye. Ba ta da lahani. Ka kai ta wurin da ba ka koyi riƙe ta ba tukuna.

Ko Wes Montgomery da ake ganinsa da L-5, tasa irin CES ce, wadda aka huda fuskar aka dasa fikof a ciki, kuma da babban yatsa yake kaɗawa, ba da ƙarar da za ta fasa kunne ba.

Mai Kogo: Baba, Allah ya ƙara girma. Wallahi ban taɓa kallon abin ta wannan fuskar ba. Ni a zatona tsada tana nufin za ta iya komai.

Dattijon Jaz: A'a ɗana. Sau da yawa mai tsadar ce ta fi zaɓen wuri.

Mai Gyara: Sannunku. Ni aikina ke nan, shekara ashirin ina buɗe cikin jitoci, don haka bari in fara da maganar Ɗan Gungume ta cewa maganaɗisu ba ya jin katako. Rabin gaskiya ce. E, fikof motsin tsirkiya yake karantawa. Amma wa ke gaya wa tsirkiyar yadda za ta motsa? Tana zaune a kan jaki, jaki yana zaune a kan fuska. In fuskar gungume ce mai nauyi, ba ta karɓar komai daga tsirkiya, sai sauti ya daɗe yana tafiya a miƙe. In fuskar siririya ce mai rai, da ka taɓa tsirkiya sai ta zuƙe wani kaso na ƙarfin nan take. Shi ya sa sautin mai kogo yake fitowa da ɗan dum a farko, sannan ya sauka da wuri ya ba na bayansa wuri. Wannan duk yana shiga waya. Ka ɗauki sautin biyu a kwamfuta ka dubi zanensu, za ka ga yadda kowanne ke tashi da yadda yake mutuwa.

Yanzu maganar kuwwa. Malam Mai Kogo, inda ka ajiye amf ɗinka shi ne wuri mafi muni da za ka iya zaɓa. Bayan jitar ma faffaɗan katako ne mai rawa, ka sa sifika tana hura masa kai tsaye. In kai badame ne, mayar da amf ɓangaren hagunka, wajen wuyan jita, ya ɗan koma baya, yadda jikinka zai shiga tsakaninsa da cikin jitar. Ɗaga shi daga ƙasa ka ɗora a kujera, domin ƙasa tana ƙara masa kauri. Sannan ka rage bes a amf ɗin sosai, fiye da yadda kunnenka zai so a ɗaki. Gurnanin da ka kwatanta a tsirkiya ta biyar, firet na uku zuwa na biyar, yana wajen hez 130 zuwa 150 ne. Nan ne jikin jitarka ya fi son amsawa. In kana da ikwalaiza, na'urar da ke rage ko ƙara wani sashe na sauti, nemo wannan wurin ka datse shi kaɗai, ka bar sauran.

In duk ka yi wannan bai isa ba, toshe ramukan f ɗin. Ana yanka soso mai ƙarfi daidai siffarsu a cusa, a cire bayan wasa. Amma don Allah kada ka liƙa salatif a kan fenti. Na ga jitar da aka ɓare salatif ya taho da fatar fentin, mai ita ya tsaya yana kallo hawaye na zuba.

Ɗan Gungume: To ka ji. Ka sayi jita saboda kogonta, sannan ka toshe kogon da soso, ka yanke bes, ka ɓoye ta daga amf. Me ya rage? Malam Mai Gyara, ban musa maka zanen kwamfuta ba, amma wanda ke zaune a layi na goma, ga ganguna na tashi, zai bambance?

Mai Gyara: Wataƙila ba zai bambance ba. Amma mai kaɗawa yana bambancewa, kuma abin da hannunsa ya ji shi ke sauya abin da zai kaɗa.

Uwar Tsirkiya: Nan ne nake so in shigo. Ni tawa siririya ce, mai kogo gaba ɗaya amma kaurinta bai kai inci biyu ba, fikof biyu irin P-90, kuma a ƙungiya mai ƙara nake wasa, bulus da rok. Shekara tara muna tare. A shekarar farko na yi faɗa da kuwwa kamar yadda ƙanena yake yi yanzu. Daga baya na gane cewa tana da matakai. Kafin ta ɓarke akwai wani wuri da sautin ke fara kumbura a hankali, ka riƙe nota ɗaya ta ƙi mutuwa, ta yi ta buɗewa kamar fure. In na juya kafaɗata kaɗan zuwa amf sai ta taho, in na juya baya sai ta lafa. Da ƙugu nake sarrafa ta, ba da fedal ba. Jitar gungume ba ta taɓa ba ni wannan a ƙarar da mutum zai iya zama a ɗaki ba.

Kuma ba mu ne farkon masu wannan kokawa ba. B.B. King ya so jiki mai kogo amma bai son kuwwa, shi ya sa Lucille da Gibson ke yi da sunansa ba ta da ramukan f ko ɗaya. Gretsch ma a ƙarshen shekarun 1950 sun sa wasu ƙafafun katako a ciki suna haɗa fuska da baya, kuma a Country Gentleman ta Chet Atkins ramukan zane ne kawai, ba a huda ba. George Benson da ya zauna da Ibanez a ƙarshen shekarun 1970, ƙaramin jiki ya nema saboda manyan dandamali. Babu wanda ya ce a jefar da kogo a cikinsu. Kowa ya nemi yadda zai zauna da shi.

Abin da ya fi damuna a saƙonka, ƙanena, ba kuwwar ba ce. Cewa da ka yi in sayar tun ba ta samu tabo ba. Wata biyu kana da ita, kuma rabin lokacin tana kulle. Tsoronta kake ji, kuma wanda ke tsoron jitarsa ba ya kaɗa ta da kyau ko a ɗaki.

Mai Kogo: Yaya kin taɓo inda yake mini ciwo. Ko a gida in zan ɗauke ta sai na cire agogo da bel, na sauya riga in tana da maɓalli. Wani lokaci kafin in gama shiri sha'awar ta tafi.

Mai Bes: Bari in faɗi nawa daga ɓangarenmu. Masu manyan jitocin nan kuna saita murya ku kaɗai a ɗaki, ta yi kauri ta yi daɗi, sai ku zo da ita haka cikin ƙungiya ku zauna a kan wurinmu. Ƙasan naka da nawa su haɗu su zama laka. Kuma amf ɗin mai bes da ke damanka, shi ma yana hura wa fuskar jitarka iska, wataƙila ma shi ya fara tayar da ita. Ka ce wa naka mai bes ɗin ku yi musayar wuri. Ka bar masa ƙasa, kai ka riƙe tsakiya. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Ɗalibar Kod: Salam, ku yi haƙuri in katse ku. Ni sabuwa ce, tawa ba mai tsada ba ce amma ita ma mai kogo ce. Jiya na cire tsirkiyoyin duka shida don in goge ta, sai jakin ya faɗo ƙasa. Na ɗauka na karya ta ne. Na mayar da shi inda nake zato, amma yanzu in na saita ta a sake daidai take, da na hau sama sai komai ya karkace. Akwai gam ɗin da ake manna shi da shi?

Mai Gyara: Kada ki kusance shi da gam, ƙanwata. Ba ki karya komai ba, haka aka yi shi. Jakin irin wannan jita ba a manne yake ba, nauyin tsirkiyoyi ne kawai ke danne shi. Shi ya sa ake sauya su ɗaya bayan ɗaya.

Ga yadda za ki mayar da shi. Duba fuskar a wurin haske, galibi za ki ga inuwar inda ƙafarsa ta zauna. In babu, ki daidaita shi da 'yan tsagun nan na tsakiyar ramukan f, daga nan ake farawa. Ki tabbata ba ki juya shi ba, ɓangaren tsirkiya mai kauri ya fi ja baya. Ɗaure tsirkiyoyin, ki saita. Sai ki ɗora yatsa a hankali a saman firet na 12 ba tare da dannawa ba, ki kaɗa, ki ji wannan siririn sautin. Sannan ki danna firet ɗin sosai ki kaɗa. Dole su zo ɗaya. In wanda kika danna ya fi tsini, ki sassauta tsirkiyoyi ki tura jakin baya, wajen wutsiya, wato abin da ke riƙe ƙarshen tsirkiyoyi a gindin jita. In ya yi ƙasa, ki matso da shi wajen wuya. Kaɗan-kaɗan, kamar kaurin farce. Ki yi wa ta ɗaya da ta shida, na tsakiya za su bi.

Ɗalibar Kod: Ya yi! Na tura shi baya kaɗan ta ɓangaren mai kauri, yanzu kod ɗin sama sun daina faɗa da juna. Na gode Malam, Allah ya saka da alheri.

Mai Ajiya: Ni ina da ra'ayi daban da na Hajiya Uwar Tsirkiya. Jitar hannu irin wannan dukiya ce. John D'Angelico ya yi aiki a New York daga 1932 har ya rasu a 1964, kuma duk abin da ya sassaƙa bai kai 1,200 ba. Waɗanda suka adana nasu ba tabo, yau jikokinsu ne ke cin moriya. Ka sayi mai araha ta fita wasa, wannan ka bar ta a akwati. Ba kowace riga ake shiga kasuwa da ita ba.

Mai Gyara: Alhaji, akwati ma yana kashe jita, kuma na fi ganin waɗanda ajiya ta lalata a kan waɗanda wasa ya lalata. An taɓa kawo mini wata tsohuwa da ta shekara goma sha biyar a rufe. Garkuwarta ta seluloyid ce, ta fara ruɓewa tana fitar da iska mai cin ƙarfe. Da muka buɗe, murfin fikof ya yi kore, firet na sama duk sun yi tsatsa, zinaren jikin ƙarafan ya ci. Da ana buɗe ta kowane mako da an gani tun da wuri an cire garkuwar.

Sai maganar laima, wadda ta shafi Malam Mai Kogo kai tsaye. Fuskar sufurus guda ɗaya tana shan danshi tana kumbura, tana bushewa tana tsukewa. In iska ta bushe ƙwarai sai ta tsage, galibi daga bakin ramin f ko gefen wutsiya. Sayi ƙaramin ma'aunin laima ka jefa a akwatin, ka riƙe shi tsakanin kashi 45 zuwa 55. In ya sauka, sa soso mai ɗan danshi a cikin roba mai huji, kada ya taɓa katako. Alamar farko ita ce tsirkiyoyi su sauko su fara zuzu a kan firet, ko ka ji bakin firet yana kartar yatsa. Kada ka bar ta a mota cikin rana, gam ɗin ciki yana sakewa. In ka shigo da ita daga sanyi zuwa ɗumi, bar akwatin a rufe ya huce tukuna, in ba haka ba fentin ya yi tsaga-tsaga kamar gilashi. In kuma fentin naitiro ne, wato siririn fentin nan irin na tsofaffin jitoci, kada ka jingina ta a majinginar jita da ke da roba baƙa, robar tana narka shi. Naɗe wurin da tsumman auduga.

Ɗan Gungume: Ma'aunin laima, soso, tsumma, cire agogo. Ni tawa in na dawo wasa a bayan ƙofa nake jingine ta, shekara goma sha biyar ko saiti ba ta cika saki ba. Gaskiya dai a faɗe ta, yawancin masu sayen waɗannan suna ne suke saye, da son a gan su da ita.

Mai Kula da Zaure: Ɗan Gungume, a tsaya kan jita, a bar zukatan mutane. Wanda ya yi shekara shida yana tari ba don a gan shi ya yi ba.

Ɗan Gungume: Na karɓa. Mai Kogo ka yafe ni, ba kai nake nufi ba. Abin da ke ci mini rai shi ne yara masu tasowa su ɗauka sai da irin wannan ake kiɗa mai kyau.

Dattijon Jaz: A wannan kam ina bayanka ɗari bisa ɗari, kuma Ɗalibar Kod ta ji da kyau: wadda ke hannunki ta ishe ki shekaru. Maganar suna kuma, hannu ne ke yin jita, ba tambarin da ke kanta ba. Lokacin da Gibson ya rufe masana'antarsa ta Kalamazoo a 1984 ya tattara zuwa Nashville, wasu tsofaffin ma'aikatan sun ƙi tashi. Suka zauna a ginin nan suka kafa Heritage a 1985, suna sassaƙa da hannayen da suka saba. D'Angelico da Alhaji ya ambata ma, yaron shagonsa Jimmy D'Aquisto ne ya gaje shi, kuma makaɗa suka bi hannun, ba allon shago ba.

Amma Alhaji Mai Ajiya, ka yi mini haƙuri, ban yarda da kai ba. Tawa ta shekara talatin da huɗu a hannuna. Inda damtsena ke sauka fentin ya cinye har katako ya fito, bayan wuyan ya yi santsi kamar tafin jariri. Na san notar da take so da wadda sai na lallashe ta. A daren da na rasa matata, ban iya magana da kowa ba, ita na ɗauka na zauna da ita a duhu ba waya, ina jin ta a ƙirjina har asuba. Da na bar ta a akwati saboda jikoki, da a daren nan baƙuwa zan ɗauko.

Ɗana Mai Kogo, ga abin da nake so ka yi. Sati biyu, kada ka taɓa ta gungumen. Fito da wannan ka ajiye inda hannunka zai kai. Wace tsirkiya ke kanta?

Mai Ajiya: Allah ya jiƙanta, Baba. Na yi shiru.

Mai Kogo: Allah ya gafarta mata, Baba. Tsirkiya masu lamba 10 na sa, wato sirara, irin waɗanda na saba da su a ta gungume.

Dattijon Jaz: Amin, na gode. To 10 ta yi mata kaɗan. Wannan fuskar tana son a danna ta kafin ta buɗe baki. Sa mata 12 masu santsi, waɗanda aka naɗe da ƙarfe shimfiɗaɗɗe. Yatsunka za su yi ciwo kwana huɗu ko biyar, daga nan su saba. Za ka ji ƙugin yatsa a kan tsirkiya ya ɓace, sautin ya zauna. In wuyan ya ɗan ja gaba saboda ƙarin nauyi, kai wa mai gyara ya taɓa ƙarfen cikin wuyan, kada ka murɗa da kanka a karon farko.

Uwar Tsirkiya: Kuma in bayan duk wannan ka ga aikinka na manyan zaure ne kullum, akwai tsaka-tsaki. PRS suna da Hollowbody tun 1998, siririya, da ɗan katako a ƙarƙashin jaki da ke haɗa fuska da baya, tana jure ƙara sosai. Ko irin ES-335. Amma wannan ƙari ne, ba madadi ba. Gwada shawarar Baba tukuna.

Mai Kogo: Assalamu alaikum, na dawo bayan kwana goma sha shida. Na sa 12 masu santsi, mai gyara ya ɗan taɓa wuyan ya ɗaga jakin kaɗan. Kwana ukun farko yatsuna sun yi ja, yanzu lafiya.

Daren jiya mun koma zauren nan. Na mayar da amf hagu a kan kujera, bes ɗinsa a kan 2, mai bes ya koma can gefen mai ganguna. Na yanka soso na tafi da shi a aljihu amma ramin sama kawai na toshe. Sau biyu ta so ta tashi, duka a kan notar nan ta tsirkiya ta biyar. Na farko na danne ta da tafin hannu. Na biyu kuwa na tuna maganar Yaya, na bar ta ta kumbura kaɗan sannan na juya kafaɗa, sai ta kwanta da kanta. Mai kibod ya ɗago kai ya dube ni. A kiɗan ƙarshe, wanda ganguna ke tashi sosai, na ajiye ta na ɗauki ta gungume, don haka Ɗan Gungume kai ma kana da rabonka.

Da na zo mayar da ita akwati na ga bel ɗina ya yi mata ɗan zane a baya, tsawon rabin yatsa, don na manta ban cire ba. Na tsaya na dube shi, na shafa, na rufe akwatin. Yau da safe ita na fara ɗauka.

Malam Mai Gyara, zanen bai kai katako ba, fenti kawai ya taɓa. In bar shi haka ko akwai abin da ake shafawa?

Mai Gyara: In farcenka ba ya maƙalewa a ciki, bar shi. Goge da tsumman auduga busasshe kawai, kuma ka nisanci duk man gogewa mai silikon, yana hana sabon fenti kamawa in wata rana aka zo gyara. Nawa ma'aunin laimar yake nunawa?

Mai Kogo: 41 da safen nan.

Mai Gyara: Ya ɗan sauka. Jiƙa soson yau, ka sake dubawa jibi.